Baba Ya Ce Karatun Girki Ne: In Karɓi Gurbin Ko In Jira?

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni yarinya ce 'yar shekara 19 daga Funtuwa. Sau biyu ina zana jarrabawar JAMB da burin karanta likitanci, kuma duka biyun makina bai kai ba. A bana na samu 231, sai jami'a ta ba ni gurbi a fannin kimiyyar abinci mai gina jiki da tsara cimar marasa lafiya, wato karatun da ake zama dayatishan da shi. Baba ya ce ba zai biya kuɗin makaranta na shekaru ba don in koyi girkin da Mama za ta koya mini a gida, ya fi so in sake zana jarrabawar. Wata ƙawata kuma ta ce ɓata lokaci ne, domin ita kwas ɗin wata uku ta yi ta intanet, ga shi tana ba mutane shawarar abinci a Facebook tana samun kuɗi. Ni kuwa tun da Mama ta kamu da ciwon suga nake jin fannin yana jan hankalina, amma ina tsoron in gama in rasa aiki. In karɓa ko in jira?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Na karanta wasiƙarki da natsuwa, kuma da yake ni ma wannan aikin na yi fiye da shekara 20 a wani asibitin koyarwa kafin in ajiye aiki, zan gaya miki ra'ayina tun daga farko. Ina ganin ki karɓi gurbin, matuƙar za ki shiga da niyyar zama a cikinsa har ƙarshe. Abin da nake guje miki shi ne ki shiga da tunanin cewa za ki raɓe na shekara ɗaya sannan ki nemi a mayar da ke sashen likitanci, domin hukumar da ke kula da aikin likita a Najeriya ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma waɗanda ke dacewa da irin wannan canji 'yan ƙalilan ne. Na ga ɗalibai da dama da suka shigo mana da zuciya biyu, suka ƙi mayar da hankali ga abin da ke hannunsu saboda hangen wanda ba su samu ba, har suka fita da sakamako mai rauni wanda ya hana su samun wurin sanin makamar aiki daga baya, aka yi ba tsuntsu ba tarko.

Maganar Baba ba ta ba ni mamaki ba, kuma kada ki ɗauke ta a matsayin rashin son ci gabanki. Mutum ne da zai fitar da kuɗin guminsa, yana da haƙƙin ya san abin da zai saya da su. Fahimtarsa ma tana da tushe, domin a wasu jami'o'in ƙasar nan, kamar ta Nsukka, wannan fanni ya daɗe yana zaune a sashe ɗaya da ilimin kula da gida, shi ya sa mutanen zamanin Baba suke haɗa su wuri guda. Amma abin da za ki tarar a aji daban ne. Shekarar farko tare za ki yi ta da sauran ɗaliban kimiyya, kuna karanta kemistire da fiziks da bayoloji da lissafi. Daga nan sai ilimin ƙirar jikin ɗan'adam, da yadda gaɓoɓinsa ke aiki, da yadda jiki ke sarrafa sinadaran da ya samu daga abinci, da ilimin ƙwayoyin cuta, da ƙididdiga, kafin a zo kan tsara cimar masu cututtuka ɗaya bayan ɗaya. Akwai ɗakin girki a sashen, gaskiya ne, sai dai da ma'auni ake shiga cikinsa, ana auna kowane abu da giram ana lissafa abin da zai bai wa jiki. Idan kemistire na ba ki wahala, ki fara gyara shi tun yanzu, domin shi ne ke kayar da ɗalibai a wannan fanni fiye da komai.

Bari in kai ki ɗakin da na fi daɗewa a cikinsa, ɗakin yara masu tamowa, don ki ga aikin da idonki. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma a shiyyarmu ta arewa maso yamma adadin ya kai kashi 57 cikin 100. Idan aka kawo yaro, ana auna damtsensa da wata igiya mai launi uku, kuma duk wanda awonsa ya gaza santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, to yana cikin matsananciyar tamowa. Abin da zuciyar kowace uwa za ta raya mata a wannan lokaci shi ne a cika wa yaron ciki da ƙwai da nama da madara mai kauri, alhali idan yaron ya galabaita har ya daina karɓar abinci, yin hakan zai iya zama ajalinsa, saboda zuciyarsa da hantarsa da ƙodarsa sun raunana, ba za su iya ɗaukar nauyin ba. Shi ya sa ake fara shi da wata madara ta musamman da ake kira F-75, mai kalori 75 a kowane mililita 100, wadda furotin da gishirinta kaɗan ne, ana ba shi ita kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana, gwargwadon nauyinsa. Ko maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ba a ba shi a waɗannan kwanaki na farko, duk da cewa jininsa ya yi ƙasa. Sai ya farfaɗo ya fara neman abinci da kansa sannan a matsa zuwa wata madarar da ta fi ta ƙarfi mai suna F-100, ko zuwa haɗin gyaɗan nan na leda da mutanenmu ke kira maganin tamowa, wanda leda ɗaya mai giram 92 take ɗauke da kalori 500. Wannan haɗin a Faransa aka ƙirƙiro shi a shekarar 1996, kuma a yunwar da aka yi a Nijar a 2005 aka ga amfaninsa a fili a yankin Maraɗi, inda aka yi jinyar dubban yara a gidajen iyayensu ba tare da an kwantar da su ba. Wanda ke lissafa yawan madarar, ya bi nauyin yaron kullum, ya ce yau a ƙara ko a dakata, sannan ya zaunar da uwar kafin a sallame ta ya nuna mata yadda za ta haɗa gero da waken suya da gyaɗa ta dama kunun da zai hana yaron komawa gidan jiya, aikin da ake kiran ki gare shi ke nan.

A ɓangaren manya ma haka abin yake. Mutum biyu za su kwanta gado kusa da gado, dukansu da ciwon ƙoda, amma cimarsu ta saɓa wa juna, domin wanda bai fara wankin ƙoda ba ana rage masa furotin, shi kuwa wanda ake yi wa wankin ana ƙara masa har kimanin giram 1.0 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, saboda na'urar tana janye wani abu daga jikinsa. Idan gwajin jini ya nuna sinadarin fotasiyam ya hau, ayaba da lemo da tumatir da dankalin da 'yan dubiya ke kawowa da kyakkyawar niyya sukan zama haɗari ga bugun zuciyarsa, domin suna ɗauke da wannan sinadari da yawa. Mai hawan jini kuma zai rantse miki ya daina cin gishiri, kuma gaskiya yake faɗa, sai kin bi diddigi ki tarar ana jefa dunƙulen ɗanɗano huɗu a miya, ana zuba kanwa a wake da miyar kuka, ga kunun kanwa da safe, alhali dukansu akwai sodiyam a ciki, wato sinadarin nan na gishiri da ke hawar da jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin irin waɗannan abubuwa.

Ciwon Mama kuwa, wanda kika ce shi ya fara jan hankalinki, a nan ne 'yar gida irinki take da abin da baƙo ba shi da shi. Sau da yawa nakan karɓi mai ciwon suga da aka gaya wa ya bar tuwon shinkafa ya koma tuwon alkama ko acca, sai ya riƙa cin malmala uku hankali kwance, suga kuma ya ƙi sauka, domin alkama da acca su ma sitaci ne, yawan abin da aka ci da abin da aka haɗa shi da shi ne ke yanke hukunci. Wani kuma tsoro ya sa ya bar abinci kusan gaba ɗaya alhali yana yin allurar insulin, har sugansa ya faɗi aka kawo shi a sume. Idan watan azumi ya matso sai tambayoyi su ƙaru, a kan sahur da buɗa baki da dabino da kunu da zoɓo, kuma amsar kowa daban ce, tare da likitansa ake tsara ta. Yawancin littattafan da za ki karanta an rubuta su ne da abincin wasu ƙasashe a zuciya, ko da yake Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012 ta kuma sabunta shi a 2019. Amma babu littafin da zai koya miki yadda za ki yi da matar da ke girki a tukunya ɗaya ga mutum 15, maigida ne ke yin cefane, kuma ba ta da halin dafa nata daban. Wadda ta san zogale da rama da yakuwa da wake da kabewa, ta san abin da kwanon awo ke nufi a kasuwar garinsu, ta kuma iya yi wa tsohuwa bayani da Hausar da za ta gane ba tare da ta ji an raina ta ba, ita ce ke iya mayar da lissafin littafi ya zama abin da za a iya dafawa. Irin waɗannan ma'aikata sun yi mana ƙaranci ƙwarai a arewa, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa nake son ki shigo.

Game da ƙawarki, ba zan ce kwas ɗinta bai koya mata komai ba, kuma babu laifi mutum ya tunatar da jama'a su rage zaƙi su ci ganye. Iyakarta ke nan. Ranar da mai ciwon ƙoda ko mace mai juna biyu ko uwar yaro mai tamowa ta aiko mata da saƙo, ba ta da ilimin karanta sakamakon gwajin jini, babu wanda ya taɓa tsayawa a kanta yana gyara mata kuskure a gaban marar lafiya, kuma babu hukumar da za ta tuhume ta idan shawararta ta cutar. Na sha karɓar mutanen da suka sha shayin rage ƙiba da haɗe-haɗen da aka tallata musu a waya, suka zo jikinsu ya bushe saboda gudawa. Ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci sun ɗaure shi da doka. A Birtaniya laifi ne mutum ya kira kansa dayatishan idan ba shi da rajista da hukumar ma'aikatan lafiya ta HCPC. A Amurka, tun daga ranar 1 ga Janairun 2024, sai mai digiri na biyu ne ke iya zana jarrabawar rajista, bayan ya yi aƙalla awa 1,000 yana aiki a ƙarƙashin kulawar ƙwararru. A Ghana ma akwai hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista. Idan kina da burin fita waje wata rana, ki sani cewa takardar wata uku ba za ta kai ki ko bakin ƙofa ba.

Yanzu ga abin da ba kasafai ake gaya wa ɗalibai ba sai sun gama. Digirin, wanda ke ɗaukar shekara huɗu ko biyar gwargwadon tsarin jami'a, shi kaɗai ba ya mayar da ke dayatishan mai rajista. Bayansa akwai shekara ɗaya cur ta sanin makamar aiki a asibitin da aka amince da shi, inda za ki zagaya ɗakin yara da na tiyata da na masu ciwon ƙoda da na masu haihuwa, ki koyi lissafa abincin da ake ba marar lafiya ta robar hanci, ki koyi rubutu a fayil ɗinsa, sannan ki zana jarrabawar ƙwarewa kafin a yi miki rajista. Guraben wannan shekara kaɗan ne, masu nema kuma suna da yawa, har wasu kan yi shekara ko fiye suna jira. Saboda haka shirin samunta tun daga aji biyu ake fara shi. Ki riƙe sakamakonki da kyau, kuma idan lokacin aikin koyo na SIWES ya zo ki nemi sashen abinci na asibiti, ko da ya fi wahala ya fi nisa, maimakon ofishin da za ki je ki sa hannu ki dawo gida, domin waɗanda suka ga ƙwazonki a nan su ne za su tuna da ke idan an buɗe gurbi. Ki shiga reshen ɗalibai na ƙungiyoyin fannin, ki saba da na gaba da ke, ki tambaye su wace rajista asibitoci ke nema wajen ɗaukar aiki da yadda suka jera wannan shekara da ta hidimar ƙasa. Kafin duk wannan, ki tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin a jami'ar da ta ba ki gurbi, domin amincewa da jami'a daban, amincewa da kwas daban. Jami'o'in Ibadan da Nsukka da na aikin gona da ke Abeokuta da Umudike sun daɗe a fannin, sababbin sassa kuma suna ta buɗewa a arewa, kuma sabon sashe ne ya fi buƙatar a bincika shi.

Tsoronki na rashin aiki ba zan raina shi ba. Buƙata tana da yawa, amma buƙata ba ita ce takardar ɗaukar aiki ba, kuma akwai manyan asibitocin jihohi da ba su da dayatishan ko ɗaya saboda ba a buɗe gurbin ba. A asibitin gwamnatin tarayya albashinki zai bi tsarin CONHESS ne na sauran ma'aikatan lafiya, wanda bai kai na likitoci ba. Ƙungiyoyin agaji irin su UNICEF da Hukumar Samar da Abinci ta Duniya da Likitocin Na-gari Na-kowa suna aiki sosai kan tamowa a arewa, kuma da yawa daga cikin waɗanda na horar a can suka samu abin yi, sai dai aikin na kwantiragi ne da ke bin kuɗin masu bayar da tallafi, kamar yadda aka gani a 2025 lokacin da Amurka ta zaftare tallafinta ayyuka da dama suka tsaya. Akwai kuma cibiyoyin wankin ƙoda, da asibitoci masu zaman kansu, da kamfanonin sarrafa abinci, da hukumar NAFDAC, da koyarwa ga wadda ta ƙara karatu. Sannan ki shirya wa wani abu da ya fi albashi ciwo a farkon aiki, wato za ki haɗu da ma'aikatan da za su ɗauka ke mai rabon abinci ce. Ni ma na sha wannan, kuma abin da ya canza shi a wurina shi ne halartar zagayen duba marasa lafiya kowace safiya da rubuta shawara mai hujja a fayil, har likitocin suka fara aiko mini da marasa lafiya da kansu. Idan kin san a ranki cewa sunan likita kike so, kuma ba za ki taɓa samun natsuwa ba sai da shi, to ki gaya wa kanki gaskiya ki sake zana jarrabawar, wannan ma hanya ce mai mutunci. Amma wasiƙarki ba haka ta nuna mini ba, domin ciwon Mama kika ambata, ba farar riga ba.

Baba kuwa, kada ki yi jayayya da shi, kuma kada ki danna amincewa a shafin JAMB a ɓoye sannan ki zo masa da labari. Ki samo jerin darussan kwas ɗin daga jami'ar, ki buga a takarda, ki ba wani baffanki ko gwaggonki da yake jin maganarsu su kai masa, domin akwai maganar da ta fi shiga idan ta fito daga bakin sa'a. Ki yi istihara, ki kuma lura da wa'adin karɓar gurbin don kada ya wuce kuna cikin shawara. Abin da na fi so ki yi shi ne ki roƙi likitan da ke duba Mama ya tura ta wurin dayatishan a zuwanta na gaba, ki roƙi Baba ya raka ku, ya zauna ya ji irin tambayoyin da za a yi da irin bayanin da za a bayar, ya kuma yi nasa tambayoyin a kan karatun da aikin. Kafin ranar, ki sami ɗan littafi ki rubuta duk abin da Mama ta ci da wanda ta sha na kwana uku, da lokacin da ta ci, da yawansa da ludayi ko kofi ko malmala, har da shayi da goro da abin da aka kawo daga maƙwabta, ki haɗa da sakamakon awon suganta da sunayen magungunanta, domin waɗannan ne abubuwan da za a fara tambayar ku da zarar kun zauna.